Malan Ɗin da Na Je Nema a Kimberley

Da na ce wa ɗan ƙanwata ya kai ni Kimberley in ziyarci kabarin Malan, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Kawu, wane malami ne namu ya rasu a can?"

Na ce ba malami ba ne, ba kuma namu ba ne. Farar fata ne ɗan Afirka ta Kudu, sunansa Adolph Malan, amma an fi saninsa da laƙabin Sailor, wato ma'aikacin jirgin ruwa, ko da yake a sararin samaniya ya yi suna. Yaron yana shekararsa ta uku ta karatu a Bloemfontein, bai taɓa jin sunan ba. Da daddare ya tambayi abokansa biyu 'yan ƙasar. Ɗaya ya ce Malan ɗin da ya sani shi ne firaministan da ya kafa mulkin wariyar launin fata a 1948. Ɗayan ya ce ko Magnus Malan nake nufi, ministan tsaron gwamnatin wariya na shekarun 1980. Babu wanda ya san matuƙin. Na kwana da wannan a raina, kuma shi ya sa na ce lallai sai mun je.

Mun kama hanya bayan sallar asuba a wata ƙaramar motar haya. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, sanyin kuwa irin mai shiga ƙashi ne, har raɓa ta daskare a gilashin motar. Daga Bloemfontein zuwa Kimberley kilomita 160 ne da 'yan kai a kan titin N8. Ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ɗorawa, nan da can ka ga itatuwan ƙaya da garken tumaki a bayan waya. Sama kuwa tas, babu ko ɗigon gajimare.

Ƙaunar jiragen yaƙi a wajen kakanmu na gaje ta, Allah Ya jiƙansa. Yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama a yaƙin Hitila, a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta kutsa kwarin Kaladan a 1944. Babu hanyar mota a dajin, saboda haka ta sama ake jefo musu abinci da harsashi. Yakan ce duk ranar da ba su ji ƙugin jirgi ba, sun san da yunwa za su kwana. Yana da wani tsohon gwangwanin taba da yake ajiye lambobinsa a ciki, sai ranar salla yake buɗe mana mu taɓa. Tun daga nan, duk abin da na samu a kan matuƙan wancan yaƙi sai na karanta. Sunaye da yawa sun wuce ta gabana, na Malan ne ya zauna.

Yaron yana tuƙi, ni ina ba shi labari.

An haifi Malan a 1910 a Wellington, kusa da Cape Town. A gona ya tashi, da bindigar harbin tsuntsaye a hannunsa tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi jirgin horar da ma'aikatan ruwa mai suna General Botha, daga nan ya yi shekaru yana aiki a jiragen kamfanin Union-Castle. Da Birtaniya ta fara faɗaɗa rundunarta ta sama saboda tsoron Jamus, sai ya bar teku ya shiga. A ƙarshen 1936 aka tura shi ayari na 74, wanda ake wa kirari da Damisa, a sansanin Hornchurch gabas da Landan. Ya girmi yawancin abokan aikinsa, ya ga duniya, ba shi da yawan magana. A farkon 1939 aka ba su jirgin Spitfire.

Ban ɓoye wa yaron yadda yaƙin ya fara masa ba, domin da tabo ya fara. Ranar 6 ga Satumban 1939, kwana uku da shelanta yaƙi, aka yi kuskuren ɗaukar wasu jiragen Birtaniya a matsayin na abokan gaba. Malan ne ke jagorantar waɗanda aka tayar su tare su. Biyu daga cikin yaransa, John Freeborn da Paddy Byrne, suka harbo jiragen Hurricane biyu na ayari na 56, wani matashin matuƙi mai suna Montague Hulton-Harrop ya mutu. A kotun soja Malan ya tsaya a ɓangaren masu ƙara, ya ce ya ba da umarnin a janye. Su kuma suka ce ba su ji wani umarni ba. Kotu ta wanke su, Freeborn kuwa bai daina riƙon Malan a zuci ba. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa raina yakan sosu, domin shugaba na gari yakan tsaya a gaban yaransa ne ranar wuya, shi kuwa ran nan bai tsaya ba.

Daga watan Mayun 1940 aka fara ganin ko shi wane ne. A sararin Dunkirk, lokacin da ake kwashe sojojin Birtaniya daga gaɓar Faransa, ya harbo jirage da dama a cikin 'yan kwanaki. Sannan ga daren 18 ga Yuni. Ba a ƙera Spitfire don yaƙin dare ba, wutar da ke fita daga bututun hayaƙinsa ma takan kashe wa matuƙi ido. Jiragen Jamus masu jefa bom suka shigo ta bakin kogin Thames, a yankin da matarsa Lynda take kwance da jaririnsu sabon haihuwa. Malan ya nemi izini ya tashi shi kaɗai, ya bi hasken fitilun da ake haskawa daga ƙasa, ya kakkaɓo Heinkel 111 guda biyu kafin ya sauka. Ranar 8 ga Agusta aka ba shi shugabancin ayarin, ana tsakiyar Yaƙin Birtaniya, wato gumurzun jiragen sama da Jamus a sararin ƙasar. Bayan kwana uku, ranar 11 ga wata, sau huɗu suka tashi tsakanin asuba da la'asar, suka ce sun harbo ko sun lalata jirage 38. Lissafin matuƙa a irin wannan hargitsi yakan zarce gaskiya, kowane ɓangare haka yake, amma ranar ta zauna a tarihin ayarin da sunansa.

A al'adar sojan sama, wanda ya harbo jirage biyar ya shiga sahun gwanaye. Zuwa tsakiyar 1941, lokacin yana jagorantar jiragen sansanin Biggin Hill, an rubuta wa Malan 27 shi kaɗai, da 7 da ya yi tarayya da wasu. A lokacin babu wanda ya kai shi a cikin matuƙan da ke tsaron sararin Birtaniya. Amma ni ba adadin ne ya fi burge ni ba. Abin da ya gyara ne. Littafin koyarwar rundunar ya ce jirage su tashi uku-uku a matse, fiffike kusa da fiffike. Sakamakon haka matuƙi yakan ƙare da kallon jirgin shugabansa don kada su yi karo, maimakon ya duba bayansa, ta inda mutuwa take zuwa. Malan ya watsar da wannan, ya raba ayarinsa huɗu-huɗu, kowane biyu suna tsaron juna, da tazara a tsakani. Haka kuma bindigogi takwas na Spitfire, da aka saba saita su harsashinsu ya haɗu a nisan yadi 400, shi ya matso da nasa zuwa 250. Dalilinsa a fili yake: harsashin da ke cikin jirgin gaba ɗaya bai wuce na daƙiƙa 15 ba idan ka danne kunama. Wanda ya yi harbi daga nesa, iska ya harba.

Ya tara abin da ya koya a ƙa'idoji goma, aka buga su aka manna a ɗakunan matuƙa. Na faɗa wa yaron waɗanda na haddace. Kada ka yi harbi sai ka matso har kana ganin farin idon abokin gaba, kuma ka yi shi gajere, daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wanda ke sama shi ke da zaɓi. In an kawo maka hari, juyo ka fuskance shi. Kada ka miƙe sambal fiye da daƙiƙa 30 a fagen fama. Ka shiga da sauri, ka buga da ƙarfi, ka fice.

"Kawu, wannan ai nasihar maharba ce," in ji shi.

Haka ne, maharbi ne, kuma mai sanyin jini. Ba wasa ya ɗauki abin ba, aikin kisa ya ɗauke shi, ya kuma koya wa yara 'yan shekara 19 da 20 yadda za su yi shi su dawo da ransu. Da yawa daga cikinsu sun tsufa sun ga jikoki saboda waɗannan ƙa'idoji. Bayan haka ya koyar da harbi, ya shugabanci Biggin Hill a 1943, kuma ranar 6 ga Yunin 1944, da aka sauke sojoji a Normandy, yana jagorantar rukunin da ya ƙunshi matuƙa Faransawa. A 1946 ya ajiye kaki ya komo gida.

Muna dab da shiga gari na sa yaron ya rage gudu. A wannan yanki, kudu maso gabas da Kimberley, gonar Benfontein take, mallakar kamfanin lu'ulu'u na De Beers, inda Malan ya yi kiwon tumaki a ƙarshen rayuwarsa. Harry Oppenheimer, attajirin lu'ulu'u wanda ya wakilci Kimberley a majalisa daga 1948, shi ya ɗauke shi sakatare bayan yaƙi, ta nan ya zo garin. Daga titi babu abin gani sai ciyawa da ƙaya da wasu barewa can nesa.

Duk baƙon da ya zo Kimberley, Babban Rami ake fara kai shi, mu ma can muka fara. Da diga da shebur aka haƙa shi tsakanin 1871 da 1914, faɗinsa ya haura mita 450, an kwashi lu'ulu'u kimanin kilo 2,700 daga cikinsa. Ka tsaya a kan dandamalin ƙarfe ka leƙa, ruwa kore shar can ƙasa, kanka ya yi ta juyawa. Dubun-dubatar baƙaƙen fata ne suka haƙa shi, ana kulle su a shinge kamar fursunoni har kwangilarsu ta ƙare. Ba mu daɗe ba. Muka sami wani shagon abinci na Musulmi, muka ci shinkafa da naman rago mai yaji, muka yi azahar, na ci gaba da labarin daga inda ya fi damuna.

Malan ya dawo daga yaƙi da Hitila, bai shekara uku ba sai ga masoyan Hitila suna hawa kujerun mulki a ƙasarsa. Jam'iyyar National ta kayar da firaminista Jan Smuts a zaɓen 1948. A cikin manyanta akwai waɗanda suka yi adawa da shiga yaƙin, akwai ma waɗanda aka tsare saboda goyon bayan Jamus. John Vorster, wanda daga baya ya zama ministan shari'a sannan firaminista, a Koffiefontein aka tsare shi, garin da ba shi da nisa sosai da inda muke zaune muna cin abinci. A 1951 gwamnati ta kawo dokar cire mutanen da ake kira Kalad, wato masu ruwa biyu, daga rajistar zaɓe ta bai ɗaya a lardin Cape. Tsarin mulki ya ce irin wannan sauyi sai da kashi biyu cikin uku na majalisun biyu a zaune tare. Gwamnati ba ta da wannan rinjaye, ta yi gaban kanta.

Tsofaffin sojoji suka fusata. Suka kafa ƙungiyar da aka sani da Torch Commando, aka naɗa Malan shugabanta. Da dare suke fita, kowa da sanda mai wuta a kanta kamar aci-balbal, da lambobin yaƙi a ƙirji. A watan Mayun 1951 suka cika gaban zauren birnin Johannesburg, a ƙarshen watan kuma ayarin motoci daga sassan ƙasar ya isa Cape Town, inda aka yi arangama da 'yan sanda kusa da majalisa. An ce mambobinta sun kai 250,000 a lokacin da take tashe. Mutumin da ba ya son magana sai ga shi a kan dandamali yana faɗa wa gwamnati cewa abin da suka yaƙa a Turai shi suke gani a gida. Ka tuna shi ma Afirkana ne ta wajen uba, wato ƙabilar fararen fatar da ke riƙe da gwamnati, sunansa ɗaya da firaministan. Ba a yafe masa ba. Jaridun gwamnati suka yi ta yi masa ba'a, suna kiransa maci amanar ƙabilarsa, aka hana sojoji da ma'aikatan gwamnati shiga ƙungiyar.

Yaron ya ture faranti. Ya fi ni sanin ƙasar yau, kuma abokansa sun koya masa tambayar da ta dace.

"To Kawu, baƙaƙen fata fa? Sun yi zanga-zanga dominsu?"

Ba su yi ba. Tun 1936 aka cire baƙaƙen Cape daga wannan rajista, babu wanda ya kunna musu wuta. Dubun-dubatarsu sun je yaƙin, amma ba a yarda su riƙe bindiga ba, direbobi ne da masu ɗaukar majinyata da masu gadi da mashi, kuma abin da aka sallame su da shi bai kama ƙafar na farare ba. Ita kanta ƙungiyar Malan ta yi ta jan ƙafa a kan ko za ta karɓi waɗanda ba farare ba, saboda tsoron kada farare masu zaɓe su gudu, har ta ƙare kusan ta farare zalla. Tana fafutukar ƙuri'ar mutum, amma tana jin nauyin zama da shi a layi ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar a 1952, sai dai gwamnati ta sake cin zaɓe a 1953 da ƙarin kujeru, ƙungiyar ta watse, a 1956 kuma aka cusa dokar bayan an cika majalisar dattawa da 'yan amshin shata.

Duk da haka ban yarda a share shi ba, kuma na gaya wa yaron haka. Mutum ne da ya riga ya sami komai: suna, lambobi, ubangida mai kuɗi, har Winston Churchill ne uban baftismar ɗansa. Da ya yi shiru, da an sa wa tituna da sansanoni sunansa. Ya san farashin, ya buɗe baki. Tafiyarsa ba ta kai inda ya kamata ta kai ba, amma ya taka, a lokacin da mafi yawan masu launinsa suka zauna suna cin moriyar zalunci.

Da la'asar muka isa maƙabartar West End. Wuri ne mai faɗi, ƙasa ja, iska tana kaɗa busasshen ganye a tsakanin duwatsun kaburbura. Muka tarar da wani dattijo ma'aikacin wurin yana shara. Yaron ya cire hula ya gaishe shi da ɗan yaren Setswana da ya koya, ya kira shi Rra, wato baba. Da ya ji baƙi ne daga Nijeriya, bai ma jira tambaya ba ya nufi da mu kabarin Sol Plaatje, domin nan baƙi suka saba zuwa. Plaatje ɗan jarida ne, sakatare na farko na ƙungiyar da ta zama ANC, wanda ya yaƙi dokar ƙwace filaye ta 1913 da alƙalaminsa har ya rasu a 1932. Yau ƙaramar hukumar garin da jami'arsa duk sunansa suke ɗauke da shi. Dattijon ya kuma tuna mana cewa a wannan maƙabarta aka binne waɗanda 'yan sanda suka harbe ranar 8 ga Nuwamban 1952, lokacin boren Mayibuye a unguwar da yanzu ake kira Galeshewe. Mutum 13 ne. A shekarar nan Malan yana shugabancin ƙungiyarsa, gonarsa kuma tafiyar 'yan mintoci ce daga inda jininsu ya zuba.

Da muka ambaci matuƙin, sai da ya ɗan yi tunani, sannan ya ce mu biyo shi.

Cutar Parkinson, mai sa jiki karkarwa, ita ta ci Malan. Hannun da yake saita bindiga a jirgi mai gudun sama da kilomita 550 a awa ya koma ba ya iya riƙe kofi. Ya rasu ranar 17 ga Satumban 1963 yana da shekara 52. Verwoerd ne firaminista, Vorster ne ministan shari'a. Gwamnati ta ƙi yi masa jana'izar soja, ta hana sojojinta zuwa da kaki, ta hana rundunar saman ƙasar yin ta'aziyya a hukumance. A majami'ar St Cyprian da ke cikin gari aka yi masa addu'a, kuma kakin da aka gani ranar na baƙi ne: rundunar saman Birtaniya da ta Amurka da ta Rodeshiya sun aiko da wakilai. Daga nan aka bar sunansa ya dushe daga littattafan makaranta. Da mulkin wariya ya faɗi a 1994, sabuwar ƙasa tana da nata jarumai da yawa da za ta tuna, waɗanda suka sha ɗauri da kisa, babu wanda zai ga laifinta. Shi sai ya faɗa tsakani.

Na tsaya a gaban kabarin na karanta sunan. Ba addininmu ɗaya ba, saboda haka shiru kawai na yi, hannuna a cikin aljihun rigar sanyi. Na tuna saurayin da aka harbo bisa kuskure a 1939, da Jamusawan da suka ƙone a cikin Heinkel ɗin nan biyu, da mutum 13 da ke kwance a wani sashe na wannan fili. Na tuna kakanmu, wanda shi an ba shi bindiga, ya yi yaƙin, ya dawo ya koma gonarsa ta gero, bai taɓa tsayawa a kan wani dandamali ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan 'yancin da aka ce ya je karewa. Dattijon ya jingina da tsintsiyarsa yana jiranmu. Yaron ya sunkuya ya cire wata busasshiyar ciyawa da iska ta manna a jikin dutsen, sannan ya ɗauki hoto ya tura wa abokansa biyu na jiya.

Rana ta faɗi muna wajen gari. Sanyi ya dawo, muka rufe gilasai. Mun yi nisa babu mai magana, sai ya ce:

"Kawu, gwangwanin nan na lambobi, yanzu yana hannun wa?"

Na ce rabona da shi tun rasuwar kaka, amma ina jin yana cikin akwatin mahaifiyarsa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ciro waya ya kira gida. Ina jin muryar ƙanwata tana tambaya ko lafiya da kira a wannan lokaci.

"Lafiya lau, Umma," ya ce. "Don Allah in kin idar da salla ki duba mini wani abu."